Sufana ta Goma Sha Biyu

Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu, ranar da aka tara mu a filin makarantar Maƙarfi ana raba wa yara ’yan tutoci, kowa idonsa yana sama yana kallon ƙyalle. Mutum ɗaya ne nasa idon yake ƙasa. Kawu Iro ne, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. Yana tsugune a gindin sandar tutar, ya kara kunne, yana ƙwanƙwasa ta da ’yar gudumarsa. Ɗan doka ya zo ya daka masa tsawa. Kawu ya miƙe ba gaggawa, ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Mulkin dai ban san nasa ba, amma ƙarfen lafiyayye ne."

Ku da kuka san shi kun san halin. Siriri ne kamar sillen kara, kuma gudumar nan ba ta barin aljihunsa ko ranar Idi. Ba ya wuce ƙarfe bai gaisa da shi ba. Yakan ce mutum yana ƙarya, takarda tana ƙarya, ƙarfe ne kaɗai in ka tambaye shi zai gaya maka ciwonsa. Ya ƙwanƙwasa butar Liman. Ya ƙwanƙwasa keken malamin haraji, da malamin a kai. Ya taɓa tare masu ɗauke da gadon ƙarfen wata amarya a kan hanya, ya ji ƙafafun gadon ɗaya bayan ɗaya, ya gaya wa dangin ango cewa ta hagu ta baya ba za ta ga suna ba. An yi suna huɗu a gidan nan gadon yana tsaye. Da aka tuna masa sai ya ce ai rufin asirin Allah ba ya ƙaryata ƙarfe.

Haka ya yi da motar Audu Gajere, mai kai mutane kasuwar Ikara. Har an ba Kawu wuri a gaba saboda girmansa, sai ya sauka ya shiga ƙarƙashi, ya buga ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya. Ya fito ya ce akwai tsaga, shi ba zai hau ba. Ya kama hanya da ƙafa. Motar ta kai mutane, ta ɗebo wasu, ta same shi a hanya ko rabi bai yi ba. Audu ya leƙo ya tambaye shi ko da saƙon da za a kai gida. Shekara uku ana haka. Ranar da ƙarfen ya karye wajen Janfalan, mota shaƙe da rake, ba wanda ko ƙwarzane ya samu, Kawu ya yi tattaki musamman har can. Ya dubi karayar, ya dubi Audu, ya ce, "Ai na gaya maka." Ya juyo gida.

Wannan kunne a wurin aiki ya samo shi. Tun kafin in yi wayo yake fita, wato mai gyaran inji, a wani gidan gurzar auduga da ke bakin layin dogo, can ta wajen Zariya. Injin irin na da ne mai aiki da tururi. Wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe ce kwance, kamar rumbu ya faɗi. A cika ta da ruwa, a hura mata wuta da itace da angurya, tururin ya tura wani ƙaton wili, wilin ya ja bel, bel ya juya injunan gurza. Ma’aikata suna kiran tukunyar Goggo, saboda yawan huci da son a lallaɓa ta. Kawu ke gyaranta. Mai ba ta wuta kuwa amininsa ne, Tanko mutumin Hunkuyi, ƙaton mutum wanda in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Shekara goma sha ɗaya suna ci a kwano ɗaya, Kawu yana koya masa gyara.

Duk ƙarshen kakar auduga akan kashe wuta, a bar Goggo ta huce, mutum ya shiga cikinta ta wata ’yar kafa ya kankare ƙanzon da ruwa yake bari. Kawu kaɗai kafar take ɗauka. Tanko ya taɓa gwadawa sau ɗaya, kafaɗunsa suka maƙale, sai da aka shafa masa giris aka ja shi ta ƙafa. Dokar aikin ita ce kafin a rufe kafar nan sai mai gyara ya ƙirga kayansa. Kawu yana da sufana goma sha biyu na ɗaure notuna da kwance su, gadon ubangidansa, kowace ya yi mata tsaga uku da magagari a wuya.

A shekarar da ake ta ɗibar soja zuwa yaƙin Bama, Kawu ya fito daga cikin Goggo ya ƙirga, ya sami goma sha ɗaya. Ya tuna Tanko ya ari babbar da safe. Ya ce to, da ta wurin Tanko sha biyu ke nan, a rufe. Aka rufe, aka ɗaure notuna, aka cika ruwa. Da ya nemi abarsa, Tanko ya ce ai ya miƙa masa ita ta kafa, yana ciki, da ya kira a ba shi. Kawu ya ce ba a yi haka ba, kuma shi tun da yake bai taɓa barin ko allura a cikin inji ba. Da shekara ta zagayo aka buɗe, ya shiga da fitila ya duba, ya fito bai ga komai ba. Daga nan magana ta zauna a kan Tanko.

Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne. A tsakanin masu gyara, wanda aka ce ya ci aron kayan aiki ya gama. Ba mai ba shi aro, ba mai ɗaukarsa. Tanko ya bar aikin ya koma Hunkuyi da niyyar gyaran injunan matse rake, amma labari ya riga shi isa. Har yara suna kiransa Tanko Sufana. Ƙarshe awon hatsi ya kama a kasuwa, mutumin da ya iya karanta numfashin tukunya.

Shi ma Kawu bai daɗe ba. Tun daga kakar nan Goggo ta kama wani tari. Da safe in ruwa ya fara tafasa sai a ji ƙwas, ƙwas, daga can ciki. Shekara biyu yana bin ta da guduma, gaba da baya, bai gano ba. Ya je ya gaya wa Baturen gidan gurzar cewa wanda bai san ciwon injinsa ba haramun ne ya ci albashinsa. Ya naɗe kayansa ya dawo Maƙarfi, ya kafa rumfa yana gyaran injin rake, irin wanda doki ke ja, da kekuna da kwado.

A bangon rumfar ya buga ƙusa goma sha biyu, ya zana siffar kowace sufana da farar ƙasa. Sha ɗaya a rataye, ta ƙarshe zane kawai. Duk bayan damina sai ya sabunta zanen. Kuma tun daga lokacin ya daina ba da aro. Ba hanawa yake yi ba, don ya ce hani ba halin Musulmi ba ne. Kayansa ne dai ba sa tafiya su kaɗai. Wani bawan Allah daga Saulawa ya zo aron magagari zai wasa haƙoran injinsa. Kawu ya sa magagari a jaka, ya rataya, ya ce mu je. Kwana uku yana zaune a gindin mangwaro yana kallon mutumin yana aiki, ana kawo masa tuwo safe da yamma. Mutumin ya ce da ya sani da sabo ya saya, don abin da baƙon magagari ya ci ya kai kuɗin guda biyu.

Ni nawa aikin a cikin wannan rigima rubutu ne. Ina zama a zauren gidanmu da tawada da alƙalamin kara ina rubuta wa mutane wasiƙa da ajami. Duk shekara, in aka fara kai auduga kasuwa, Kawu zai zo ya zauna ya ce in rubuta wa Tanko. Shekarar farko na yi Bisimilla, na shiga gaisuwa yadda aka koya mana, gaisuwa da aminci da yarda da tambayar lafiyar iyali. Ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce in bar Bisimillar, sauran in wanke, tawada ba ruwan rijiya ba ce. Abin da ya sa na rubuta bayan Bisimillar kalma ɗaya ce: "Sufanata." Fatake suka kai. Bayan mako biyu amsa ta zo, ita ma ba gaisuwa: "Ka tambayi Goggo."

Sau goma sha bakwai na rubuta kalmar nan, sau goma sha bakwai amsar nan ta dawo. Na taɓa yi masa nasiha, na ce ƙaurace wa ɗan’uwa fiye da kwana uku babu kyau. Ya ce wa ya ƙaurace? Ba ga shi duk shekara suna wasiƙa ba?

To, a cikin shekarar tutar nan, bayan bikin da wata biyu, saƙo ya zo daga gidan gurza. Sun daɗe da komawa injin mai, Goggo tana nan yashe. Yanzu an share rumfarta, an jera tsofaffin kayan aiki, don ’yan makaranta da baƙi su riƙa zuwa suna ganin yadda aka yi aiki a da. Ana gayyatar tsofaffin ma’aikata ranar buɗewa. Kawu ya ce ba inda za shi. Washegari na gan shi a ƙofar gidanmu da wankakkiyar riga, ya ce in tashi in raka shi, ko za a sami abin karantawa. Muka hau jirgi a Gimi. Jirgin ƙasa ne kaɗai abin hawan da ya yarda da shi, don a can akwai mutumin da aka ɗauka aiki musamman yana bi yana ƙwanƙwasa ƙafafun jirgin. Kawu ya ce nan ne kawai gwamnati ta nuna hankali.

Mun tarar da tsofaffi wajen ashirin. Tanko bai zo ba. An ce ya tambaya ko Iro zai zo, da aka ce mai yiwuwa, sai ya ce ƙafarsa tana ciwo.

Wani akawu mai laƙtaye shi ke zagayawa da mutane yana bayani. An rataye awartaki da guduma da zarto a bango, ga zugazugi, ga uwar maƙera, ga tsohon ma’aunin tururi mai fuska kamar agogo, kowanne da ’yar takarda a ƙasansa da boko. Kawu yana biye yana gyara. Ya juya wani awartaki da aka rataye kai ƙasa. Ya ce abin da aka rubuta wa mazubin mai, mazubin ruwa ne. Akawu ya ce, "Baba, ba a taɓawa." Kawu ya ce shi ya taɓa su tun akawu bai san hannunsa na dama ba.

Sai ga Goggo. An shafe ta da koren fenti, har wuraren da ya kamata su sha mai. Kawu ya tsaya ya daɗe. Ya ce sun yi mata lalle bayan ta daina haihuwa. Bai fito da guduma ba, tafin hannu ya ɗora mata.

A gefenta, can ƙasa, an yanke ƙarfe an yi taga don masu kallo su ga yadda cikin yake. Akawu ya durƙusa ya nuna babban bututun da wuta ke bi, sannan ya ce ga wani abin mamaki da suka tarar da suka yanka. A ƙarƙashin bututun, a wani lungu da ido ba ya kaiwa daga sama, ga wani ƙarfe kwance, ƙanzo ya lulluɓe shi. Ya ce a ganinsu maƙeran Ingila ne suka manta da shi tun ranar da aka ƙera tukunyar, shi ya sa aka bar shi yadda yake.

Kawu ya tsuguna. Ya zura hannu da ’yar gudumar ya buga sau ɗaya. Ƙanzo ya zube. Ni da nake bayansa na ga tsaga uku.

Tsofaffin nan duk sun san labarin, waɗansunsu ma da bakinsu aka yaɗa shi. Kawu ya jawo sufanar ya miƙe, zai sa a jaka. Akawu ya riƙe hannunsa, ya ce wannan kayan tarihi ne, ba ta fita sai in akwai shaidar mai ita. Aka kira manaja. Manaja ya saurara, ya ce magana mai sauƙi ce. In ta dattijo ce, ya faɗi yadda aka yi ta shiga ciki.

Na san Kawu shekara talatin da wani abu a lokacin, ban taɓa jin ya ce na yi kuskure ba, ko a lissafin raka’a. Na ɗauka zai ajiye ta ya fita. Ya dubi kafar da ke saman tukunyar, ya dubi tsofaffin. Ya fito da gudumarsa ya nuna tsagarta uku, ya kara da ta sufanar. Sannan ya ce, "Ba Bature ba ne. Ni ne. Ni kaɗai nake shiga. Tanko ya miƙo mini, na ajiye, ta zame. Na ƙirga abin da ba ya hannuna." Ya ƙara da cewa, "Tarin ma ita ce."

Wani tsoho daga baya ya ce ashe dai da an tambayi Goggo. Kawu bai juya ba. Manaja ya ce a sakar masa abarsa.

Muka hau jirgi muka juyo gida. Da muka kusa sauka na ce gobe sai ya zo mu rubuta wasiƙa. Ya ce wannan ba ta tawada ba ce. Ya tambaye ni yaushe kasuwar Hunkuyi take ci, don a kasuwa sunan mutumin ya ɓaci, a kasuwa za a gyara. Ranar kasuwa muka je tasha. Motar da ta samu ta Audu Gajere ce. Kawu ya hau ya zauna, guduma tana aljihu. Audu ya leƙo ya ce, "Baba, yau ba a duba mu?" Kawu ya ce ya ja kawai.

Mun sami Baba Tanko a layin ’yan hatsi, zaune a kan buhu, yana auna wa wata mata dawa. Ya tsufa, amma girman yana nan. Kawu ya yi sallama ya tsuguna a gabansa, cikin mutane. Sai ya fara gaisuwa. Ya tambayi lafiyarsa, da iyali, da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har waɗanda aka haifa bayan rabuwarsu, ban san inda ya samo sunayen ba. Ya yi masa ta’aziyyar mahaifiyarsa da ta rasu shekara goma da suka wuce. Ya yi masa barkar aurar da ’ya, da jajen gobarar da ta taɓa cin rumbunsa. Duk gaisuwar da ya hana ni rubutawa a shekara goma sha bakwai, ranar nan ya biya ta da baki. Baba Tanko yana amsawa da lafiya lau, bai daina awo ba. Mutane suka fara taruwa.

Da gaisuwa ta ƙare, Kawu ya zaro sufanar ya ɗora a kan mudu. Ya ɗaga murya yadda layin zai ji, ya faɗi abin da ya faɗa a gaban manaja, bai rage ko kalma ba. Ya ce duk wanda ya ƙara kiran wannan bawan Allah da sunan nan, shi Iro ya zaga.

Baba Tanko ya ɗauki sufanar ya juya ta, ya shafa tsagar da babban yatsa. Ya ce, "Sillen kara, yanzu nawa ne?"

"Sha biyu."

"Ka ƙirga da kyau?"

Aka yi dariya, har da Kawu, kaɗan. Baba Tanko ya miƙa masa ita, ya ce ya yafe duniya da lahira. Kawu ya ƙi karɓa. Ya ce shekara goma sha bakwai ana cewa tana hannunsa alhali ba ta nan, ya riga ya biya kuɗin aron da mutuncinsa. Saboda haka ya riƙe ta shekara goma sha bakwai cif, sannan ya mayar. Baba Tanko ya ce me mai awon dawa zai yi da sufana? Kawu ya ce wannan kuma ba ruwansa. Ita ce abu na farko da ya bar hannun Kawu ba tare da ya bi shi ba. Ranar a kwano ɗaya suka ci dambu, suna musu a kan wanda ya fi cin rabon wani a da. Sufanar kuwa da ita Baba Tanko ya riƙa danne bakin buhu.

Kawu ya rasu shekarar da aka gama yaƙin basasa, bayan ’yar gajeriyar jinya. Baba Tanko ya zo jana’iza, shi ya riƙe gaban makara. Da aka yi addu’ar uku na ja shi gefe na ce ko ya zo da sufanar, tunda za a raba gado. Ya ce saura shekara bakwai, kuma shi ba zai sake shiga bakin Iro ba. Magada suka bar rumfar yadda take. Ni na riƙa sabunta zanen bayan damina.

Ranar da shekarun suka cika, da hantsi, sai ga shi an sauko da shi daga mota, yana dogara sanda, ido ya yi rauni. Ya ce in kira mutum biyu su shaida. Ya lalubi ƙusar da hannunsa ya rataye sufanar, ta zauna daidai cikin zanenta. Ya bi su da yatsa yana ƙirgawa a fili har goma sha biyu. Sannan ya ce in ɗauko tawada in rubuta. Na ce wa za a kai wa? Ya ce in rubuta dai. Na yi Bisimilla na jira. Ya ce, "Na mayar." Na tambaye shi ko shi ke nan. Ya ce a’a, wannan karon in sa gaisuwar duka.

Na sa. Muka soke takardar a ƙusar, a bayan sufanar.

Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya jiƙan Baba Tanko da ya bi shi bayan mayar da sufanar, kafin wata kakar. Ya yafe musu abin da suka ƙirga daidai da abin da suka ƙirga ba daidai ba, ya haɗa su a kwano ɗaya a gidan da ba a rabuwa. Mu kuma ya ba mu ikon mayar da abin da ke hannunmu tun masu shi suna ji. Amin.